Gwangwanin Sholisho

Salifu mai gyaran keke bai taɓa haɗa kayan tafiya da gaggawa irin ta ran nan ba. Ya ɗaure famfo a jikin keke. A jaka ya zuba sifana biyu, ƙarfen ɓalle taya, guntayen roba na faci, igiya, ƙuli-ƙuli, goro, da takardar izini mai hatimin kumandan, Baturen mulki. Goran ruwa ya rataya a kan keken. Gwangwanin sholisho kuwa, danƙon da ake liƙe faci da shi, a aljihun ƙirji ya cusa shi.

Ba nasa ba ne. Na Mahama ne, taubashinsa, ɗan Gwaggo Gwamma.

Jiya da safe Mahama ya jingine kekensa a rumfar Salifu a Zangon Sokode, ya leƙa kasuwa. Tun suna yara wasa ne tsakaninsu, wannan ya ɓoye takalmin wancan, wancan ya barbaɗa wa wannan barkono a taba. Salifu ya ɗauka Kparatao za shi sayen doya kamar kowace Laraba, sai ya zare gwangwanin daga jakar keken, ya maye gurbinsa da wani irinsa cike da man kaɗe. Har dariya ya yi ta yi shi kaɗai, yana hango Mahama na shafa mai, faci na zamewa.

Sai yau Husseina, matar Mahama, ta kashe masa dariyar. "Wace Kparatao? Dapango ya tafi. Masu shanu sun kawo saƙo Inna na kwance, ta ce a kira mata ɗanta."

Tafiyar kwana huɗu ce, hanya duk ƙaya da tsakuwa. Shekarar yaƙin Turawa ce kuma, sholisho ya ɓace daga kantuna, ko a rumfar Salifu babu ɗigo. Idan taya ta sace wa Mahama a daji, ba zai tarar da uwarsa da rai ba. Kuma wannan uwar ita ta goyi Salifu da tasa ta rasu.

Ya taka keke kamar wanda aka koro. A Bafilo ya yi kwatancen Mahama da jar hularsa, aka ce mai jar hula ya wuce jiya. A Lama-Kara ma haka. Kusa da Kande tayarsa ta baya ta sace, amma bai buɗe gwangwanin ba. Ya ɗaure hujin da igiya, yana tsayawa yana buga famfo, yana zagin kansa. Duk kwanar da ya sha, sai ya zuba ido, yana jiran ya ga Mahama zaune a ƙasa da mai a hannu.

Bayan ya haye kogin Mango, ran na huɗu da hantsi, ya hango keke kife a gindin kuka. Da ya matso sai ya ga ba Mahama ba ne. Wani siriri ne mai gajeren wandon kaki, ga akwatin katako a gefensa an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Robar cikin tayarsa ta yage kusan tsawon yatsa.

"Mai gida, kana da sholisho? Nawa ya bushe," in ji mutumin, da Hausar da aka koya a kasuwa. "Tsoho yana jira na. Shi ba lafiya."

Salifu ya dubi yagar. Za ta lashe duk abin da ke gwangwanin. Mahama kuwa wataƙila yana bayan tudun can. Ya ji nauyin gwangwanin a ƙirjinsa, ya kawar da kai.

"Ya ƙare," ya ce.

Ya tsiyaya masa ruwa, ya ba shi goro biyu don ransa ya ɗan yi sanyi, ya hau keke. Kowa da nasa mara lafiyar, in ji shi a zuci. Allah ya ba tsohon lafiya.

Da la'asar ya shiga Dapango. Wa zai gani a ƙofar gida? Mahama, da kekensa jingine, tayoyi cike da iska.

"Bawan gidanmu, kai ma ka zo?" in ji Mahama. Ko sau ɗaya tayarsa ba ta sace ba, bai ma buɗe jakar ba. Salifu ya zauna a ƙasa, yana godiya ga Allah. Wasan banzansa bai ci kowa ba.

Gwaggo ta gane shi, ta riƙe hannunsa, numfashinta na fita da ƙyar. Mahama dai ya kasa zama, ya shiga ya fita, idonsa na kan hanyar kudu. Salifu bai tambaye shi dalili ba, shi ma yana da abin da bai faɗa ba.

Washegari da hantsi Gwaggo ta cika. Bayan azahar aka kai ta.

Suna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai ga mutum ya turo keke a ƙasa, taya lanƙwashe, ƙafafunsa sun kumbura. Mahama ya miƙe a hankali. "Malamin asibitin Mango ne," ya ce wa Salifu. "Na roƙe shi da zan wuce, ya yi mini alkawarin zai zo duba Inna jiya."

Mutumin ya sauke akwatin katakon, ya yaye buhun da ya riga ya bushe, ya dubi mutanen zauren yana haki.

"Na kawo allura. Tsoho Gwamma, shi yana ina?"