Iskar Idon Kwaɗo

Rijiyar da nike yasa ta rufta, ta rufe ni da kwaɗo guda cikin duhu. Da wani ne da ya mutu, ku tambayi duk Adar. Ni hira nika yi da kwaɗon har anka tono mu.

Da munka hito, an ce kwaɗon ya kyafta ido, ya yi tsalle abinshi. Ni ban ga komi ba.

Lokotoron mishan, wato likitan da anka kai ni wurinshi, ya ce, "Baba, wata iska ce cikin idon kwaɗo, ita ka gaya mishi haske ya dawo."

Na ce, "Ɗana, kakannina iskoki sunka bauta ma. Kira min ita."

Kowa ya rantse an hid da ni. Ni dai har yau cikin duhu nike, ina jiran igiya.