Sunan Ɗan Fari

To, jama'a, shekara bakwai ke nan da kafa Dokar Gogewa. Duk wanda hukuma ta ɗauke, sunansa ba ya zama a takarda ko a waya, kana rubutawa yana ɓacewa. Kowane zaure kuma an liƙa masa 'yar fitila. Aka furta gogaggen suna sai ta yi ja, a yanke wa gidan ruwa wata guda.

Shi ya sa Dakta Barira, malamar jami'a mai binciken waɗanda aka ɗauke, take haddace sunayen da ka. Da hantsi ta yi sallama gidan Iya Dudu, wadda aka tafi da ɗanta daga tasha.

"Iya, yaya sunansa?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Shekara arba'in ba ta taɓa kiran sunan ba, saboda kunyar ɗan fari.

"Ko in tambayi maƙwabta?" in ji Barira.

"Su ma ruwa suke sha, 'yar nan."

Iya ta miƙe, ta cika randa da tulu har da butar alwala. Sannan ta tsaya gaban fitilar, ta gyara ɗaurin zani.

"Ni don kunya na ɓoye sunan. Su fa, don me? Haladu! Haladu sunansa, ni na haife shi!"

Fitilar ta yi ja. Famfo ya yi tari, ya ɗauke.

"Kin riƙe?"

"Na riƙe, Iya."

"To zauna ki sha ruwa, in faɗa miki launin motar da aka tafi da shi a ciki."