Muryar Inna da Ta Zo a Juye

Tana kunna fayil ɗin sautin a kwamfutarta, sai wata ƙara ta cika falon, shuuu, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Mahaifinta ya sunkuyar da kai. Tun daga Tirwun ya shigo gari, saboda ta faɗa masa gidan rediyo ya tono tsohuwar hirar da aka yi da mahaifiyarta, marigayiya, kan sana'ar nono, ya turo mata.

"Bar ta, 'yar nan. Ta lalace."

"Baffa, dakata tukuna."

Rubuta manhaja ne aikinta, ta san da lambobi kwamfutoci suke ajiye sauti, kuma ba sa jera su iri ɗaya. Tsohuwar na'urar gidan rediyon babban ɓangaren kowace lamba take fara ajiyewa, tata kuwa ƙaramin take fara karantawa. Ta rubuta 'yan layukan umarni da za su musanya ɓangarorin bibbiyu, ta sake kunnawa.

Ƙarar ta ɗauke ɗif. Aka yi gyaran murya. Sai ga Inna, tangaran, har da 'yar dariyar nan tata: "Salamu alaikum."

Tsohon ya miƙe tsaye, ya gyara zaman hularsa.

"Wa alaikumus salam," ya ce a hankali. "Shigo mana."