Madarar Kyanwa

Matar mai shagon tana tsaye lokacin da jami'in lafiya na gunduma ya buɗe firjin shagonta. Bai sami komai ba. Tun shekaranjiya ta kwashe ɗanyar madarar da take liƙa wa takardar "ta kyanwa ce" don kauce wa dokar da ta hana sayar wa mutane ita, alhali kowa a wannan lungu na jihar Jojiya ya san mutane ke sha.

"Ba na sayar da ita, yallaɓai."

"Mama, ba rufe shago ya kawo ni ba. Madarar gonar da ke kawo miki ta gurɓace, mata biyu sun yi ɓari. Ina kwalaben?"

A gidan 'yarta mai cikin wata bakwai ta ɓoye su, har tana ce mata, "Sha abinki, ki yi ƙarfi."