Masu Kallo, Ba Mai Saye

"Rufe shafin nan!" Mai zanen ya daki tebur har gwangwanin fenti ya kife. "Tun da aka nuna ni a talabijin mutane ke tururuwa zuwa shafina na intanet, amma ko zane ɗaya ba a saya ba. Aikin banza kika yi min!"

Ƙanwarsa, wadda ta haɗa shafin, ta juyo masa da kwamfutar a fusace.

"Yaya, ranar hirar wa ya ƙwace kwamfutar nan ya ce zai ɗan gyara, kada a ɗauka ba shi da kasuwa?"

Ya leƙa. A ƙarƙashin kowane zane, da jan rubutu: AN SAYAR.

Saƙonni kuwa fal, duk na taya murna.