Gado Na Biyu

Ranar ana yayyafi a garin Lorient na bakin teku, ina gefe ina sassaƙa samfurin jirgi, Soizic ta shigo ofishinmu duba zanen jirgin ruwa mai tafiya da iska da za ta tsallaka teku da shi ita kaɗai. Ta dangwala yatsa kan takardar.

"Erwan, gado biyu? Tseren mutum ɗaya ne fa. Nauyi ka ƙara mini."

Erwan, mai zanen, bai ɗago ba. "Na rage a wani wurin. Wannan na bayan tsere ne."

Ta daɗe tana kallonsa. "Kai da teku ke sa amai?"

"Zan yi aman. Ba zan goge ba."

Sai ta ɗauke abin gogewar ta sa a aljihu.

Jirgin yana tashar Lorient yanzu, 'ya'yansu ke rigimar wanda zai kwana a gado na biyun.