Rogon da Aka Ɗaure wa Masu Gadi

Wani manomi ne a bakin fadama, mai taurin kai na a zo a gani, yana da irin rogo da ya gada wurin mahaifinsa, kuma da shi gidansa ke tsallake yunwar bazara. Ya san halin rogon nan sarai: in cuta ta taɓa shi, ganye ya yi dabbare-dabbare, ba a jimawa sabon toho ya fito garau. Ba ƙarya ya yi ba, don Allah ya sa wa shuka masu gadi a jikinta, waɗansu sinadarai da ke gane baƙuwar ƙwayar cuta su daddatsa ta tun ba ta yaɗu ba. To, wata damina farin ƙuda ya kawo wata cutar, ganyen kunya guda ya murɗe ya yi rawaya. Matarsa ta ce a tuge a ƙone. Malamin gona ya tako har fadama ya faɗi haka, ya maimaita har bakinsa ya bushe. Gogan naka ko a jikinsa, har haushi yake ji ana raina masa gado. "Rogon babana shi ke yi wa kansa magani," in ji shi.

Abin da ya ƙi tsayawa ya ji shi ne, wannan ƙwayar ba ta shigowa da faɗa. Tana shiga sai ta sa shukar ta ƙera mata, da kayan jikinta, abin da zai kama masu gadin ya ɗaure su tamau, sannan ta bi jijiyoyin abinci ta gauraye ko'ina. Ya yi ta jiran sabon toho, toho ya zo a murɗe, ya ce zafin rana ne. Abin takaici, da lokacin dashe ya yi, kunyar nan ya nufa ya sari itace, wai ita ce asalin ta babansa, ya dasa gonar kaf da hannunsa. Ran haƙa, yaransa suka biyo shi da kwanduna. Ya tuge tushe na fari, saiwa kamar yatsa. Ya tuge na biyu, haka. Ya dubi gonar, ya dubi hannunsa, ya ce wa yaran su mai da kwandunan gida. Ai Hausawa sun riga sun faɗa, da ɗan gari akan ci gari.